Bindigar Hawa a Cikin Gida: Shawarwari 12 Ga Iyalan 'Yan Bindiga

Mutumin Dala ba ya buƙatar a gaya masa Sarki ya fito ranar Sallah. Ƙarar bindiga ce ke kawo masa labari har tsakar gida, ko yana Gwammaja, ko Ƙofar Mazugal, ko Madigawa. Da ita ake taryar sabon wata, da ita ake raka Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da ita ake taya wanda aka naɗa murna. Al'adar ta daɗe. Tarihin sarakunan Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, ake kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nufe, sannan Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara tsayar da 'yan bindiga a matsayin masu tsaron Sarki. A watan Disamban 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su.

Sai dai bindigar da ke faranta wa gari rai na kwana uku ko huɗu, sauran kwanakin shekara a cikin gida take kwana, inda akwai yara, da murhu, da turaren wuta, da baƙi masu shiga da fita. Yawancin matasan da suka gaji wannan sana'a idan sun ce za su gyara bindiga, nufinsu ta fi ta kowa ƙara. Gyaran gaskiya shi ne ta tashi lokacin da ake so, ta yi shiru lokacin da ba a so, kowa kuma ya koma gida da yatsunsa goma da idanunsa biyu. Rabin wannan aiki a hannun mai bindiga yake, rabin kuwa a hannun mutanen gidansa. Ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya riƙe.

1. A fara da sanin doka

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne ga farar hula sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, tana cikinsu. Kashi na biyu ya ƙunshi irin bindigogin farauta na zamani da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne na ɗuri ta baki, irin su adaka ko bindigar toka, kuma al'amarinsu yana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Ƙira da gyara ma sai da izini. Saboda haka kada maigida ya dogara da cewa bindigar ta kakansa ce. Gado ba ya maye gurbin takarda. Ya bi ta hannun shugaban 'yan bindigarsu da ofishin 'yan sanda ya tabbatar da matsayinta, ya adana takardun a inda uwargida ta sani.

2. Kowace bindiga a ɗauke ta a ɗure take

A ƙasashen da ake gasar harbi da fistol, akwai ƙungiyar IPSC da aka kafa a Amurka a 1976. 'Yan wasanta suna kashe kuɗi mai yawa wajen gyara kunama, da sauya abin saiti, da daidaita mariƙi da tafin hannunsu, domin su haɗa sauri da dacewa. Amma duk gwanintar mutum, idan bakin bindigarsa ya juya ya fuskanci jama'a, ko ta tashi ba da niyya ba, nan take alƙalin fili zai fitar da shi daga gasar baki ɗaya, ba roƙo ba magiya. Wannan tsauri shi ya kamata mu ara. Ƙa'idojin kaɗan ne: bakin bindiga ba ya kallon mutum ko dabba, ko da wasa, yatsa ba ya hawa kunama sai lokacin bugu, ba a miƙa wa wani bindiga ta baki, ba a cewa “ai babu komai a ciki” sai an duba. Sabo turken wawa ne, kuma wanda ya shekara ashirin yana bugu ya fi sabon shiga haɗarin sakaci.

3. Rashin harsashi ba ya nufin rashin haɗari

Mutane da yawa suna ganin tunda albarushi ne kawai a ciki, bindigar hawa hayaƙi ce da ƙara. Abin da ke fitowa daga bakinta wuta ce da iska mai matuƙar ƙarfi, haɗe da tsumma ko takardar da aka danna a ciki. Daga kusa, wannan ya isa ya fasa ido, ya ƙone fuska, ya yaga nama. Idan kuma tsakuwa ko guntun ƙarfe ya faɗa cikin bututun, ya zama harsashi. Haka ta faru a Amurka a 1993, lokacin da ɗan fim Brandon Lee ya rasu a wurin ɗaukar fim: kan harsashi ya maƙale a bututun bindiga ba a lura ba, aka buga albarushi a bayansa, ya fita ya same shi. A gidajenmu, zanzaro yana iya gina gidansa na laka a bakin bindigar da aka jingine, yaro kuma yana iya tura mata ƙwallon goruba, ko ƙusa, ko tsakuwa. Kafin kowane hawa a tabbatar bututun a buɗe yake tun daga baki har ƙasa.

4. A yi wa ƙarfen ɗuri alama

Bindigar ɗuri ba ta da ƙofar da za a buɗe a leƙa, kuma kai ido bakinta ganganci ne. Hanya mai sauƙi ita ce, ranar da aka wanke ta aka tabbatar babu komai a ciki, a zura ƙarfen ɗurin har ya taɓa ƙasa, a yi masa zane mai kyau daidai leɓen bututun. Daga ranar, duk lokacin da aka zura shi aka ga zanen ya tsaya sama da leɓe, akwai abu a ciki. Wannan ɗan zane yana hana ɗuri a kan ɗuri, wanda yana cikin manyan dalilan fashewar bindiga a hannun mai ita. Yakan faru ne cikin hayaniyar hawa, mutum ya ja kunama tare da 'yan'uwansa, ƙarar tasu ta rufe masa kunne, ya zaci tasa ta tashi alhali ba ta tashi ba, ya sake ɗurawa.

5. Bindiga daban, albarushi daban, mabuɗi a hannun babba

Ba a shiga gida da bindiga a ɗure. Ba a kuma jingine ta a zaure, ko bayan ƙyaure, ko ƙarƙashin gado. Wurinta akwati ne mai kwaɗo, a ɗakin da yara ba sa kwana. Albarushi kuwa wurinsa daban, cikin mazubi mai murfi da ba ya tartsatsi, nesa da kicin, da tukunyar gas, da janareta, da kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa. A tuna da zafin Kano: a watan Afrilu yakan haura digiri 40, ɗakin da aka rufa da kwano ba silin kuwa ya fi haka nisa. Gidajen cikin gari a manne suke da juna, lungunan kuma motar kashe gobara ba ta iya shiga da yawansu, don haka wutar gida ɗaya ta unguwa ce. Kada a tara albarushi da yawa. A karɓi na hawa ɗaya, abin da ya rage a mayar wa shugabanni. Uwargida tana da cikakken haƙƙin ta ce ba za a ajiye shi a ɗakinta ba, kuma maigida mai hankali zai ji maganarta.

6. A wanke ta ranar da aka buga ta

Baƙin dattin da albarushi ke bari a bututu yana jan danshi kamar gishiri a damina, kuma cikin kwana kaɗan yake fara cin ƙarfe daga ciki, inda ido ba ya gani. Wanda ya dawo daga hawa a gajiye ya ce sai bayan Sallah, ya ba tsatsa kwana uku kyauta. Bayan an tabbatar babu ɗuri, a ɗauraye cikin bututun da ruwan ɗumi, a riƙa zura tsumma mai tsabta ana sauyawa. Na farko zai fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, na biyu toka-toka, a ci gaba har sai ya fito fari. A tsane shi sarai, sannan a shafa ɗan man keken ɗinki ciki da waje. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin suna daskarewa su yi danƙo. Kafin bugu na gaba a goge man da busasshen tsumma, a kuma tsokace ƙaramar kafar da wuta ke bi ta shiga. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, a fito da ita a sake dubawa ko da ba a taɓa ta ba.

7. Wadda ta daɗe a ajiye, sai gwani ya duba ta

An yi shekarun da ba a hau ba. Annobar korona ta hana a 2020, sannan a 2024 da 2025 rundunar 'yan sanda ta dakatar da hawa a Kano saboda dalilan tsaro. Bindigogi da yawa sun yi dogon barci ke nan. Kada a ɗauko irin wannan ranar jajibere a ce za a fita da ita gobe. A kai ta wurin maƙerin da ya san aikin kuma yake da izini, tun da sauran wata guda. Abubuwan da za a duba su ne: tsaga ko kumburi a jikin bututu, ramukan tsatsa, toshiyar gindin bututun ko ta saki, katakon ko gara ta ci shi ko ya tsage a wuya, da kunama ko tana zamewa da kanta idan an girgiza. Ƙira ba baƙuwa ba ce a Dala, domin binciken masana ya nuna ana narka tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Maƙerin kirki yana da kalmar da ta fi kowane gyara daraja, wato ya ce “wannan ta gama aiki.” Idan ya faɗa, a rataye ta a matsayin kayan tarihi, kada a zagaya wurin mai walda a liƙe tsagar.

8. Kada a nemi ƙara ta hanyar ƙarin albarushi

Nan ne gasa ke shiga tsakanin samari, kowa yana so a ce tasa ce ta girgiza Ƙofar Kudu. Kowane bututu yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma tsufa yana rage wannan iyaka kowace shekara. A tsaya a kan ma'aunin da manya suka ƙayyade, a auna da mazubi ɗaya da aka sani, ba da tafin hannu ba. Abu uku kuma haramun ne ga mai son ransa. Na farko, zuba garin da aka kwance daga harsashin zamani, domin ƙarfinsa ya ninka na albarushin gargajiya, kuma yana tarwatsa bindigar ɗuri. Na biyu, haɗe-haɗen garin ashana ko na abin wasan wuta da yara ke bugawa. Na uku, sauya bututu da fayif ɗin ruwa, wanda ɗinki ne da shi a tsawonsa kuma ba a yi shi don ɗaukar fashewa ba. Gajarta bututu ma doka ta taƙaita shi. Gyaran da ke da amfani shi ne katako mai ƙwari da ya zauna daidai a hannu, ɗauri mai kyau, kunama mai tsayawa inda aka ajiye ta, da maɗauri na fata da ba zai tsinke a cikin taro ba.

9. Natsuwa wajen ɗuri, haƙuri idan ta ƙi tashi

Bayan bugu, ɗan garwashi yana iya saura a ƙasan bututu. Wanda ya kafa bakin gorar albarushi kai tsaye a kan bindiga, wutar za ta bi ta hau gorar ta fashe a hannunsa. A dakata kaɗan, a zura tsumma mai ɗan danshi, a zuba awo ɗaya daga ƙaramin mazubi, gorar kuma tana rufe a gefe. Fuska da ƙirji su kauce daga saitin baki, a riƙe ƙarfen ɗuri da yatsu ta gefe, kada a ɗora tafin hannu a kansa. Ba sigari a kusa. Idan an ja kunama ta ƙi tashi, wutar tana iya kasancewa tana tafiya a hankali. A bar bakin yana kallon sama, a ƙirga aƙalla minti ɗaya, kada a leƙa, kada a hura da baki, kada a buga gindinta a ƙasa. Daga nan a fita daga cikin jama'a a nemi babba ya taimaka.

10. Kunne da ido ba su da kasuwa

Masana lafiya sun sa iyakar ƙarar da kunne zai jure tsawon yinin aiki a ma'aunin desibel 85. Ƙarar bindiga takan kai 140 ko ta wuce, kuma bugu ɗaya a kusa yana iya yin lahanin da ba ya warkewa. Duk wanda ya zauna da tsofaffin 'yan bindiga ya san yadda ake ɗaga murya kafin su ji, da yadda wasunsu ke kukan ƙugi a kunne da dare. A gasar IPSC ba a barin ɗan wasa ya yi harbi ba tare da tabarau da abin toshe kunne ba. Abin toshe kunne na soso yana da araha a shagunan kayan aiki da wasu kantunan magani, yana ɓuya ƙarƙashin hula ko rawani, kuma ya fi auduga nesa ba kusa ba. Farin tabarau na masu aikin ƙarfe yana tare tartsatsi. Tufafi su zama na auduga, domin yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Iyaye mata masu goyo kuma su tsaya nesa da layin 'yan bindiga, kunnen jariri bai kai na babba ƙwari ba.

11. A koya wa yara da baki, kada a bar su su koya da hannu

Ɓoye bindiga kawai ba ya isa, domin yaro ya san kowane lungu na gidansu. A zaunar da su a gaya musu abu uku: idan ka ga bindiga kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. A hana su tsintar ragowar albarushi a filin hawa, da cusa garin ashana a cikin ƙarfen keke suna bugawa a lungu, wasan da ya raba yara da yawa da yatsunsu. Saurayin da zai gaji sana'ar ya fara da ɗaukar kaya, da wanki, da kallon manya na tsawon lokaci, kafin a ba shi ɗuri, kuma sai ya kai shekarun da doka ta yarda. Ba a ba da aron bindiga don biki ko taron siyasa, ko ga ɗan'uwa na jini. Wanda aka san yana shaye-shaye, ko wanda ke cikin rigima da wani, ko wanda damuwa ta yi masa nauyi har yana maganar ya gaji da rayuwa, a nisanta shi da mabuɗin, a kuma nema masa taimako.

12. A shirya wa ranar da ba a fata

A ajiye bandeji, da tsumma mai tsabta, da jarkar ruwa a jakar da za a fita da ita. Idan ƙuna ce, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko toka. Idan jini ne ke zuba, a danna wurin da ƙarfi ba sassautawa har a isa asibiti. Idan ido ne, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shiga, a rufe a tafi. Idan yatsa ya cire, a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a tafi da shi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa, ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano, lambar neman agajin gaggawa kuma 112 ce. Tsoron 'yan sanda kada ya sa a ɓoye mai rauni a gida: dokar da aka sanya wa hannu a 2017 ta wajabta wa asibitoci, na gwamnati da masu zaman kansu, su karɓi wanda bindiga ta raunata ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A kuma tambayi likita batun allurar tetanus.

Waɗannan shawarwari ba su da tsada. Kwaɗo ne, da man keke, da tabarau, da abin toshe kunne, sai kuma haƙurin bin ƙa'ida a ranar da jini ke tafasa. Abin da muke roƙo shi ne, idan azumi ya kai goma sha biyar, ko watan Zulhajji ya kama, maigida ya tara iyalinsa a karanta su tare, a duba akwati, a duba takardu, a kai bindiga wurin maƙeri. Shugabannin 'yan bindiga su ma su sa ranar duba kayan kowa kafin hawa, wanda tasa ba ta cika sharaɗi ba ya fita cikin ayari ba tare da ɗuri ba. Al'adar da ta haura shekara 250 tana hannunmu amana, kuma hatsari ɗaya a tsakiyar taro ya isa ya sa hukuma ta hana ta. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya tsare mu da iyalanmu.